Awon Nan Na Wa Ne? Tsakanin Injiniya da Mai Zanen Ƙarfe

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Makera har ya dangana da Kakuri, ba zai rasa ganin manyan rumfunan masana'antu ba, waɗanda aka tayar da bangonsu da bulo, aka ɗora musu tsaikon ƙarfe, aka rufe da kwano. Masaƙar Kaduna, wato KTL, ta fara aiki a 1957, su UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma ya iso a 1975. KTL ta rufe ƙofa tun 2002, wasu ma sun bi sahunta, amma irin ginin da suka shigo da shi ya zama ruwan dare a wannan yanki. Sito ne, makaranta ce, masallaci ne, majami'a ce, ko zauren taro, duk kanwar ja ce: bango na bulo, rufi na ƙarfe. To, a daidai inda ƙarfen nan ke sauka a kan bulon akwai wata tambaya da muka ga ana ta zille mata, ita ce kuwa: wane ne mai alhakin rubuta awo?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta ɗaliban aikin injiniya kaɗai. A ƙarƙashin irin wannan rufi muke ɗaukar lacca, a ƙarƙashinsa muke salla, kuma da yawa daga cikinmu gobe su ne za su zauna a ofisoshin da ke buga wa zanen gini hatimi.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. A lokacin da aka tura mu koyon aiki, a ƙarƙashin shirin nan da Asusun Horar da Ma'aikata ya ƙirƙiro tun 1973, mun sami kanmu a wani fili a Makera inda ake gina wa wani ɗan kasuwa sito. Bango ya kai inda ake so, sai ga mota ta kawo tsaikon ƙarfe guda takwas, an yi musu walda, an shafa musu jan fenti, gwanin sha'awa. Lebura suka ɗaura igiya, suka ja na farko sama da kirari da ihu. Da aka sauke shi a kan bango sai wuri ya yi tsit, domin kowane gefe bai hau bangon ba sai da kamar kaurin yatsa uku.

Nan fa aka shiga nuna wa juna yatsa. Birkila ya ce shi mai gida ya gaya masa faɗin sito ƙafa 40 ne, ya kuwa auna ƙafa 40 cif daga ciki zuwa ciki. Mai zanen ƙarfe ya zaro takardar injiniya, ya nuna inda aka rubuta mita 12, ya ce shi ya ɗauka faɗin ciki ke nan, ya ƙara milimita 150 a kowane gefe don mazauni. Injiniya, da aka same shi daga baya, sai ya sa yatsa a ƙasan zanensa, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a tabbatar da dukkan awo a wurin aiki. Kowa ya wanke kansa, ga kuma ƙarfe yana lilo a sama.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙafa 40 ba mita 12 ba ce, mita 12 ce da milimita 192. Tsaikon da aka yanka tsawonsa milimita 12,300, tsakanin bango da bango kuwa milimita 12,192, saura 108 ke nan, a raba biyu kowane gefe ya tashi da 54. Wato nauyin rufi gaba ɗaya zai zauna ne a kan leɓen bulo mai rami a ciki, wanda da ma kaurin gefensa bai taka kara ya karya ba. Mai walda ya kawo shawarar a liƙa guntun ƙarfe a kowane gefe a wuce wurin. Allah ya taimaka akwai wani dattijon fomin da ya ce shi kam ba da shi ba. Ƙarshenta sai da aka zuba ginshiƙan kankare ta ciki, aka yi asarar makonni da kuɗi, aka kuma rage wa mai gida faɗin sitonsa. Ba a rasa rai ba, amma dattijo ɗaya ne ya tsaya tsakanin wannan rufi da kawunan mutane.

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu bambance ayyukan nan, don sau da yawa akan cakuɗa su. Mai zanen gini shi ke tsara siffar gini, ɗakuna da ƙofofi da tagogi. Injiniyan gini shi ke lissafa nauyi, ya faɗi girman ƙarfe, da inda nauyin zai bi har ya sauka a kan harsashi. Mai zanen ƙarfe kuwa shi ke ɗaukar zanen injiniya ya fassara wa masu yanka da walda: wannan guntu tsawonsa kaza, a huda shi a wuri kaza, a haɗa shi da wancan ta hanya kaza. Idan aikin rodi ne, shi ke shirya jadawalin da mai lanƙwasa rodi zai bi. Aikinsa ya yi kama da na tela mai yanka, wanda in ya sa almakashi to magana ta ƙare, babu gyara sai faci.

Me ya sa rigimar ta fi tsanani a ginin bulo? Dalili shi ne ƙarfe da bulo ba halinsu ɗaya ba. Ƙarfe a maƙera ake yanka shi, a kan benci, kuma kuskuren da ake yafe masa bai wuce 'yan milimitoci ba. Bango kuwa da hannu ake jera shi, a rana, bulo bisa bulo. Bulon da muke kira inci 9 a takarda tsawonsa milimita 450 ne, faɗinsa 225, tsayinsa 225, alhali kuwa inci 9 na gaskiya milimita 228 ne da ɗoriya, kuma kowace masana'antar bulo da irin nata mazubi. Ga kuma kwaɓin da ake sawa tsakanin layi da layi. Idan zane ya ƙaddara milimita 10, birkila kuma ya saba zuba 20, to a layi 13 bango ya ɗara tsayin da aka zana da milimita 130. Idan birkila biyu ne, ɗaya a bangon gabas ɗaya a na yamma, ba mamaki bangon nan biyu su ƙi yin daidai da juna. Bayan wannan akwai tambayar daga ina aka fara awo: daga tsakiyar bango, ko daga fuskarsa, ko daga bayan fulasta? Tsakanin awon tsakiya zuwa tsakiya da awon ciki zuwa ciki akwai faɗin bulo guda cur, milimita 225. Ƙasarmu ta koma awon mita tun shekarun 1970, amma har yanzu zane da milimita yake magana, tef ɗin birkila kuma da ƙafa da inci.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne: babu wani awo a jikin gini da ya kamata ya zama maraya. Kowace lamba tana da mai ita, kuma mai ita shi ne wanda lissafinsa zai rushe idan lambar ta canza.

Idan muka bi wannan ƙa'ida, kaso mafi nauyi yana wuyan injiniya. Shi ya san nisan da ya yi lissafi da shi, don haka wajibi ne ya rubuta layukan ginshiƙai da na bango, da tazarar da ke tsakaninsu, ya kuma bayyana a fili cewa daga tsakiya ake aunawa ko daga fuska. Shi zai faɗi tsayin da ƙarfe zai zauna, a auna daga wata alama ɗaya tabbatacciya da kowa ya sani a filin. Shi zai faɗi mafi ƙarancin mazaunin da ƙarfe ke bukata a kan bango, da girman farantin da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa, da ko za a cika ramukan bulon da kankare ko za a zuba ɗamarar kankare ta zagaye bangon. Shi zai faɗi yawan kusoshi masu noti da za a binne a cikin kankaren, da zurfinsu, domin mu nan Arewa mun san abin da guguwar farkon damina ke yi wa rufin da ba a ɗaure shi da kyau ba: iska ba ta danna rufi ƙasa kaɗai, takan ɗaga shi sama ta yar. Har miƙewar ƙarfe a zafi aikinsa ne ya yi tanadi a kai, don ƙarfe mai mita 12 yana ƙara kamar milimita 4 idan zafi ya hau da digiri 30, kuma in ba a bar masa wurin motsi ba bangon zai tura. Waɗannan duka ba ado ba ne da za a bar wa wani ya zaɓa. Su ne lissafin kansa.

Injiniyan da ya rubuta girman ƙarfe kurum, ya ce a nemi sauran awo a zanen mai zanen gini, ya yi rabin aiki ne ya karɓi cikakken lada. Mai zanen gini yana auna ɗaki ne don mazauna, sau da yawa har da fulasta a ciki, bai kuma yi alkawarin cewa awonsa zai dace da yankan ƙarfe ba. Haɗa zanen nan biyu, da gano inda suka saɓa, aikin masu zanen ne tun suna ofis. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane.

Shi kuma mai zanen ƙarfe nasa kason a bayyane yake. Tsawon kowane guntu, da wurin kowace huda, da kusurwar kowane yanka, da jerin yadda za a harhaɗa a ɗaga, duk nasa ne, kuma bai kamata injiniya ya tsoma baki a abin da mai maƙera ya fi shi sani ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba a yafe masa. Na farko, haramun ne a gare shi ya cike gurbi da zato. Idan lamba ta ɓace a zanen injiniya, ko lambobi biyu suka ci karo, ya tambaya a rubuce, ya jira amsa a rubuce, matambayi ba ya ɓata. Ɗora rula a kan zane don ƙiyasta awon da ba a rubuta ba caca ce da rayukan mutane. Na biyu, tun da bango ya riga ƙarfe tsayawa, kada a sa wa ƙarfe wuta sai an je an auna bangon yadda yake a zahiri, kowane mazauni da kansa, an rubuta, ɗan kwangila ya sa hannu, an kuma nuna wa injiniya idan bambancin ya wuce abin da ya yarda da shi. Da an yi haka a siton da muka ambata, da tef na 'yan nairori ya yi maganin abin cikin rabin sa'a.

Mun san abin da injiniyoyi za su ce, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Za su ce mai gida ba ya biyan kuɗin sa ido, da ya karɓi zane ya sami izni sai ya ɓace, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba sai gini ya tsage. Za su ce babu yadda mutum zai rubuta awon bangon da ba a gina ba tukuna. Duka gaskiya ne. Amma jimlar nan ta a tabbatar da awo a wurin aiki tana da ma'ana ne kawai idan akwai awon da za a tabbatar, da sunan wanda zai tabbatar, da iyakar bambancin da za a jure. In babu waɗannan ukun, jimlar ta zama laya ce kawai da injiniya ya rataya don kare kansa ranar shari'a. Su ma masu aikin ƙarfe za su ce a yawancin ƙananan ayyuka babu wani mai zanen ƙarfe, mai walda ne ke zana tsaiko da alli a ƙasa. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa nauyin injiniya ya ƙaru: inda babu mai fassara, dole mai magana ya yi bayani dalla-dalla. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wanda ke ganin mun cika zafi, bari mu kai shi Amurka, inda ake da dokoki da ƙwararru fiye da namu. Ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas, wasu gadoji biyu na tafiya da ƙafa da aka rataye a cikin babban zauren otal ɗin, ɗaya bisa ɗaya, suka rufto kan jama'a ana tsakiyar rawa. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Ginin ba na bulo ba ne irin namu, amma ciwon iri ɗaya ne. A zanen injiniya, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi, su ratsa gadar sama, su zarce su riƙe ta ƙasa. Kamfanin da ya yi aikin ƙarfen ya ga wannan zai yi wuyar ƙerawa, sai aka raba kowace sanda biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama, ɗaya kuma ta rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. A ido canjin ƙarami ne, amma ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama sau biyu. Zanen maƙera mai ɗauke da canjin ya je ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi, ya dawo. Bincike ya nuna cewa ko zanen farko ma bai kai ƙarfin da dokar gini ta birnin ta bukata ba. Injiniyoyin suka ce sun ɗauka masu ƙarfe ne za su lissafa mahaɗar, masu ƙarfe suka ce su ba aikinsu ba ne. Hukumar jihar ba ta karɓi wannan uzuri ba, a 1986 aka ƙwace wa injiniyoyin biyu lasisin aiki. Darasin da duniyar injiniyoyi ta ɗauka shi ne, mutum yana iya ba wani aiki ya yi masa, amma alhakin yana nan a wuyan mai hatimi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ƙa'ida. Lokacin da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830, babu takarda babu tef, amma awon bango da na baka da tsawon azara duk a kan mutum ɗaya suke, kuma kowa ya san wanda za a tambaya. Zamani ya raba aikin gida-gida, ya ba mu ƙarfe da siminti, muka iya rufe faɗin da azara ba za ta taɓa rufewa ba. Abin da ya rage mana shi ne mu maye gurbin wannan kai guda da rubutu da sa hannu. Ko sunan Makera ma yana tuna mana da ƙira, sana'ar da kowa ya san ana auna ƙarfe kafin a sare shi.

Doka ma ba ta bar mu a duhu ba. Tun 1970 aka kafa majalisar rajistar injiniyoyi, COREN, da doka mai lamba 55, a 1992 kuma aka faɗaɗa ikonta, tana yi wa injiniyoyi da masu fasaha da ƙwararrun masu aikin hannu rajista. A 1989 aka kafa ta magina, CORBON, a 2006 kuma aka fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. A nan Kaduna hukumar KASUPDA ce ke ba da iznin gini. Amma doka ba ta da ido, idon ma'aikaci take ara.

Don haka, ya ku 'yan'uwanmu matasan ma'aikata da ke hukumomin tsara birane da ma'aikatun ayyuka, roƙonmu kaɗan ne. Idan zanen injiniya ya zo teburinku babu layukan awo, babu tsayin mazauni, babu bayanin yadda ƙarfe zai zauna a kan bango, ku mayar da shi, ko da hatimin wa yake ɗauke. Idan aikin gwamnati ne, ku sa a cikin takardar kwangila cewa ba za a yanka ƙarfe ba sai injiniya ya duba zanen maƙera ya sa hannu, kuma a biya shi ladan wannan dubawa, don aikin da ba a biya ba shi ake yi da ka. Ku kuma nemi takardar awon bango ku ajiye a fayil. Mun san akwai matsi, mun san akwai mai zuwa da takardar wani babba, amma ranar da rufi ya faɗo sa hannunku za a nema, babban kuwa ba za a ga ƙeyarsa ba.

Mu kuma ɗalibai, laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na wani. Da yawa daga cikinmu muna ƙwazo a lissafin nauyi, amma muna kallon darasin zane a matsayin aikin ƙananan ma'aikata. Muna fita da digiri ba mu taɓa riƙe bakin tef a kan bango ba, muna kuma jin nauyin tambayar wanda ya yi Kwalejin Fasaha ta Kaduna, ko mai waldan Panteka, abin da ya fi mu sani. Wannan girman kai shi ke haifar da zanen da ba ya ginuwa. Idan aka tura mu koyon aiki, mu nemi a kai mu maƙera mu ga yadda ake karanta zanenmu, mu tsaya kusa da birkila mu ga kaurin kwaɓinsa, mu koyi juya ƙafa zuwa mita ba tare da zagaye lamba ba. Mu kuma roƙi malamanmu su riƙa ba mu aikin da za mu bi tun daga lissafi har zuwa zanen guntu na ƙarshe.

Dattijon fomin nan na Makera bai yi jami'a ba, amma ya duba yatsa uku na ƙarfe a kan bulo ya ce bai yarda ba. Ba kowane fili ke da irinsa ba, kuma bai dace rayukan jama'a su dogara ga dacewa da dattijo ba. Ranar da za mu fara sa hannu a kan zane, mu tabbata kowace lamba da ke ciki mun san mai ita, wadda ta zama tamu kuma mu rubuta ta da hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.